Matan Zumunta a EYN: Suna Riƙe da Ikilisiya, Ba a Ɗora Musu Hannu Ba

Da yammacin Juma'a, 21 ga Fabrairu 2020, 'yan Boko Haram suka shiga Garkida, a Ƙaramar Hukumar Gombi ta Jihar Adamawa. Suka ƙone gidaje da shaguna da majami'u, ciki har da ta Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda kowa ya fi sani da EYN. A daidai lokacin, matan zumunta na gundumar Garkida suna tsakiyar taronsu na shekara-shekara a majami'ar. Allah ya kiyaye, suka samu suka fice da ransu. Baƙo zai ce katari aka yi da harin ya faɗo ranar taron mata. Ɗan gari kuwa ya san da wuya ka leƙa majami'a a wannan yanki, kowace rana ce ta mako, ba ka tarar da mata a ciki ba. In ba koyon waƙa suke yi ba, to addu'a ce ko nazarin Littafi Mai Tsarki, ko kuma suna shirin zuwa gaisuwar mutuwa.

Duk da haka, a cikin wannan ikilisiya da ta cika shekara ɗari a 2023, ba a naɗa mace ta zama Rabaran. Tana iya karatun tauhidi har ta kai digiri na uku, tana iya koyar da waɗanda za a naɗa, amma ita ba a ɗora mata hannu. Wannan lamari nake so in bi daga tushensa, domin ya daɗe yana ci mini rai, kuma ina ganin ana yawan yi masa bayanin da ba ya riƙe ruwa.

A Garkida ɗin nan aka fara komai. Ranar 17 ga Maris 1923, wasu 'yan mishan biyu daga Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujadar farko a gindin wata tsamiya, tsakanin mutanen Bura. Matansu suka biyo su daga baya. Ruth, matar Kulp, ba ta daɗe ba. Ta rasu a 1924 a sanadin haihuwa, aka sa wa asibitin Garkida sunanta. Daga nan aikin ya bazu zuwa Lassa da Marama da Cibok, ya shiga cikin Margi da Kibaku da Kamwe da Kilba da sauran ƙabilun da ke tsakanin kudancin Borno da arewacin Adamawa. Harsuna sun yi yawa, sai Hausa ta zama harshen haɗa kai a sujada, musamman da yake cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932. Shi ya sa sunayen abubuwan ikilisiyar duk na Hausa ne: babban taron da ke yanke shawara sunansa Majalisa, ƙungiyar mata kuma Zumuntar Matan Ekklesiya. A 1972 ikilisiyar ta samu 'yancin kanta daga hannun mishan. Hedikwatarta tana Kwarhi, kusa da Mubi.

Wanda bai taɓa shiga sujadar Lahadi a irin waɗannan majami'u ba, bari in ɗan kwatanta masa. Mai jagorar sujada zai ce yanzu lokacin zumuntar mata ne. Sai ka ji motsin benci, mata sun miƙe gaba ɗaya, zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya. A gaba akwai masu kiɗa a zaune, wata ta rungumi tulun ƙasa tsakanin ƙafafunta tana dukan bakinsa da wani faifan soso, yana fitar da murya mai kauri kamar daga cikin rijiya, wata tana girgiza ƙwarya mai duwatsu, wata tana buga ƙarfe. Mace ɗaya ta ba da waƙa, saura su amsa. Yawancin waƙoƙin nan ba daga littafi aka ɗauko su ba, su suka tsara abinsu. Wata za ta ɗauki labarin Ayuba ko na gwauruwar Zarefat ta zuba shi a baiti, ta haɗa da gargaɗi ga maigidan da ke shan giya da matar da ke yawo da gulma da yaron da ya raina iyayensa. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba, ta wannan hanya ta haddace rabin labaran Littafi Mai Tsarki. Ni dai ban san sunan da za a ba wannan abu ba in ba wa'azi ba. Sau da yawa ma ranar Litinin a gona ko a bakin rijiya, baitin matan ake maimaitawa, an riga an manta da ayar da fasto ya karanta.

Waƙa kuwa ita ce ƙaramin ɓangaren aikin. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, kuma matan nan sun ɗauki maganar a zahirinta. In aka yi haihuwa su ne a gidan da itace da sabulu. In aka yi rashi su ne za su kwana uku suna girki suna zama da mai takaba. Suna da shugabarsu da magatakarda da ma'aji tun daga ƙaramar majami'ar ƙauye har zuwa matakin ƙasa, suna tara kuɗinsu, suna riƙe da littafin lissafinsu, suna fita bishara ƙauyuka da guzurinsu. Fasto da yawa zai gaya maka, in kun keɓe, cewa rufin majami'arsa ko kujerunta da kuɗin mata aka kammala su. Matar fasto kuma, wadda kowa ke kira Mama, aiki take yi cikakke ba tare da albashi ba. Ana sa ran ta iya koyarwa, ta iya sulhunta ma'aurata, ta iya karɓar baƙi ko da tsakar dare.

Shekarar 2014 ce ta fito da abin fili yadda ba mai iya musu. A daren 14 ga Afrilu aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Cibok, mafi yawansu 'ya'yan EYN ne. A ƙarshen Oktoba Mubi ta faɗa hannun 'yan ta'adda, suka mamaye hedikwatar Kwarhi da makarantar horar da fastoci da ke wurin, shugabannin ikilisiya suka yi hijira zuwa Jos. Alƙaluman da ikilisiyar ta bayar a lokacin sun nuna an kashe mambobinta sama da 8,000, kimanin 700,000 kuma sun rasa matsuguni. Wasu suka nufi Yola da Maiduguri, wasu suka tsallaka Kamaru, suka ƙare a sansanin Minawao. Maza aka fi nema a kashe, don haka su ne kan fara gudu ko su fara faɗuwa. Wa ya rage da yara da tsofaffi a kan dutse da cikin daji? Wa ke tara su da asuba a yi addu'a? A wurare da yawa, zumuntar mata ta sake haɗuwa tun kafin a san inda fasto yake. Ba gini, ba bagade, ba littafi, amma waƙoƙin suna cikin kai.

A cikin wannan hali sunan Dakta Rebecca Dali ya fito duniya. Malamar tauhidi ce da ta koyar a kwalejin tauhidi ta Bukuru, kusa da Jos, wato ta horar da mutanen da daga baya aka naɗa. Mijinta, Rabaran Samuel Dali, shi ne shugaban EYN a shekarun da wutar ta fi ruruwa. Ta cibiyar agajin da ta kafa, ta bi sansanoni da ƙauyuka tana rubuta sunayen waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace, ɗaya bayan ɗaya, tana kai wa gwauraye da marayu abinci, tana karɓar matan da suka kuɓuto da ciki ko da goyo alhali danginsu suna ƙyamarsu. A 2017 aka ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a Janiba saboda wannan aiki. In kiwon tumaki shi ne neman wadda ta ɓace da ɗaure wa mai rauni miki, ban ga abin da ya rage ba a aikinta. Amma a tsarin ikilisiyarta, ba za ta iya yi wa jaririn da ta ceto baftisma ba in ya girma ya ba da gaskiya.

To daga ina hanin ya fito? Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce haka muka gada daga 'yan mishan. Akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce. Ikilisiyar 'Yan'uwa, wadda ta aiko 'yan mishan ɗin, ta samo asali ne a 1708 a ƙauyen Schwarzenau na Jamus, inda mutum takwas suka yi baftisma a kogin Eder, uku daga cikinsu mata. Bayan ikilisiyar ta yi ƙaura zuwa Amurka, wata mata mai suna Sarah Major ta fara wa'azi a wajejen Filadelfiya. Babban taronsu na 1834 ya ce bai yarda mace ta yi wa'azi ba, aka tura dattawa su tsawata mata. Da suka je suka saurare ta, sai suka kasa. Ɗaya daga cikinsu ya ce ba zai iya rufe bakin wadda ta fi shi iya wa'azi ba. Ta ci gaba har tsufanta. A 1922, shekarar da Kulp da Helser suka kamo hanyar Nijeriya, ikilisiyar ta amince a ba mata izinin wa'azi, ko da yake ba cikakken naɗi ba. A 1958 ta buɗe ƙofar gaba ɗaya. A 1989 mace, Elaine Sollenberger, ta shugabanci babban taronsu.

Ke nan shekara 14 kafin EYN ta tsaya da ƙafarta, uwar da ta haife ta ta riga ta sauya matsayi. Abin da aka dasa a Garkida tsarin shekarun 1920 ne, ya tarar da al'adar da dattawa maza ke yanke hukunci a gindin bishiya, suka rungumi juna, har aka daina bambance wanne ne na nassi wanne ne na gargajiya. Ba ina cewa duk abin da Amurkawa suka yi sai an bi ba. Akwai batutuwan da EYN ta ƙi bin su a kai, kuma tana da 'yancin hakan. Abin da nake cewa shi ne, tun 1972 shawarar nan ta Majalisa ce. Ba za a ci gaba da jingina ta ga matattu ba.

A tsakiyar 2015, mawaƙan zumuntar matan EYN suka yi rangadin majami'u a Amurka, suka rera waƙa a babban taron ikilisiyar a Tampa, suna ba da labarin abin da ya same su. A majami'u da dama da suka sauka, mace ce fasto. Sun gani da idonsu, kuma gani ya kori ji. Ba ma sai an je nesa ba. A Numan, cikin Adamawa ɗin nan, ikilisiyar Lutheran tana naɗa mata, kuma ita da EYN suna zama a inuwa ɗaya ta TEKAN, wato Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya. Methodist na Taraba ma haka. A kudu, Margaret Idahosa ta karɓi jagorancin ikilisiyar mijinta a Benin bayan rasuwarsa a 1998. A ɗaya gefen kuma ECWA da Angilikan na Nijeriya da Katolika ba sa naɗa mata firistoci ko fastoci. Don haka EYN ba ita kaɗai ba ce, amma kuma ba za ta ce abin bai taɓa yiwuwa a ƙasar nan ba.

Masu riƙe da hanin ba mutanen banza ba ne, kuma ba na son a ɗauke su haka. Da yawansu sun binne 'ya'yansu saboda bangaskiya, sun koma sun gina majami'ar da aka ƙone da hannunsu. Hujjarsu ta farko nassi ce. Za su buɗe maka 1 Timoti 2:11-12, inda Bulus ya ce bai yarda mace ta koyar ko ta yi iko da namiji ba, da 1 Korintiyawa 14:34, inda aka ce mata su yi shiru a taron ikilisiya, da sura ta 3 ta 1 Timoti, inda aka ce shugaban ikilisiya ya zama mijin mace ɗaya. Za su ƙara da cewa manzanni goma sha biyu duk maza ne. Wanda ya ɗauki Littafi Mai Tsarki da nauyi ba zai tsallake waɗannan ayoyi kamar ba ya ganinsu ba.

Amma Bulus ɗin nan, a sura ta 11 ta wasiƙar Korintiyawa ɗin dai, ya yi bayanin yadda mace za ta rufe kanta in tana addu'a ko annabci a taro. Mai shiru ba ta annabci. A Romawa 16 ya gabatar da Fibi a matsayin mai hidimar ikilisiyar Kankiriya, ya gai da Bilkisu da Akila a matsayin abokan aikinsa, kuma Ayyukan Manzanni 18 ya nuna su biyun ne suka zaunar da Afolos, gwanin wa'azi, suka gyara masa fahimta. Filibus yana da 'ya'ya mata huɗu masu annabci. Debora ta yi wa Isra'ila shari'a. Da aka tsinci littafin Shari'a a zamanin sarki Yosiya, wurin Hulda aka aika babban firist ya tambayo. Kuma da asubar tashin Almasihu, Maryamu Magadaliya aka fara aika da labarin zuwa ga manzannin. Abin da ya fi damuna shi ne, ikilisiyar kanta ba ta aiki da ayoyin shirun a zahirinsu. Mata suna karanta nassi a gaban jama'a, suna addu'a, suna koyarwa a makarantun tauhidi inda ɗaliban maza ne magidanta, a ranar zumunta kuma su ke riƙe da sujada tun daga farko har ƙarshe, har da wa'azi. In ayar ta hana koyarwa ne, an daɗe da karya ta. In kuwa ba ta hana ba, me ya sa sai an zo kan naɗi ake tuna ta?

Hujja ta biyu ta zaman duniya ce, kuma ta fi ta farko ƙarfi a bakin mutane. Za a ce fasto ana yi masa canjin wurin aiki. In an tura mace Gwoza ko Madagali, mijinta zai bar gonarsa ya bi ta? In tana da ciki ko jego, wa zai shiga rafi ya yi baftisma, alhali a al'adar 'Yan'uwa sau uku ake nutsar da mutum? Kuma a garin da ake zama da maƙwabta Musulmi, in hakimi ya kira shugabannin addini, za a saurari mace? Waɗannan tambayoyi ne na gaske. Sai dai duk cikinsu ba wadda ba a riga an amsa ta a wani fagen ba. Ana yi wa malaman asibiti mata da shugabannin makarantu mata canjin wurin aiki, gidajensu ba su watse ba. Fasto namiji ma yakan kwanta ciwo, maƙwabcinsa ya riƙe masa. Batun maƙwabta kuwa, ƙasar da ta san Nana Asma'u da jajis ɗinta, wato matan da ta horar su koyar da 'yan'uwansu mata, ba baƙuwar mace mai ilimin addini ba ce.

Akwai hujja ta uku da ba a cika faɗa a taro ba, kuma daga bakin mata take fitowa. Ka tambayi wata dattijuwar zumunta, tana iya ce maka, ɗana, mu me za mu yi da kwalar Rabaran? Muna da shugabancinmu, muna da asusunmu, ba mai sa mana baki. Na fahimci wannan magana sosai. Zumunta fili ne da mata suka share da hannunsu, kuma suna tsoron in aka buɗe naɗi, 'yan boko kaɗan za su haye sama su bar sauran, ko ma maza su samu ƙofar shigowa harkarsu. Amma ƙarfin zumuntar nan shi ne kuma ya zama shingen. Da yake mata suna da ɗakinsu, sai aka samu sauƙin cewa ai an ba su nasu. Alhali shugaban ikilisiya da mataimakinsa da babban magatakarda duk daga cikin naɗaɗɗu ake zaɓensu. Muddin ba a naɗa mace, to an riga an yanke cewa ba za ta taɓa zama a waɗannan kujeru ba, komai iliminta, komai yawan matan da ke cika benci. A nan ne ake yanke yadda za a raba kayan agaji, da wace majami'a za a fara sake ginawa, da matsayin da za a ɗauka kan yarinyar da ta dawo daga daji da ɗa a hannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a waɗannan batutuwa mata ne masu ɗakin.

Sannan ga 'yan matan da suke shiga makarantun tauhidi da cewa Allah ya kira su. Suna zama aji ɗaya da maza, su rubuta jarrabawa ɗaya, wani lokaci su fi su maki. Ranar da aka gama, namijin ya san hanyarsa: za a ba shi majami'a, a gwada shi shekaru, a naɗa shi. Ita kuwa sai ta nemi koyar da darasin addinin Kirista a sakandare, ko ta jira gurbi a ofishin mata, ko ta auri fasto ta zama Mama. Wasu sukan haƙura. Wasu sukan koma ikilisiyoyin Fentikos inda za a ba su makirufo. Ikilisiyar da ta rasa ma'aikata da yawa a hannun 'yan bindiga, ba ta da yalwar da za ta riƙa barin irin waɗannan suna zubewa.

Ra'ayina shi ne a naɗa su. Amma na san ikilisiyar da ta sha irin wannan wuya tana tsoron duk abin da zai raba kanta, kuma tsoron yana da dalili. In ba za a yi tsalle ɗaya ba, akwai matakin da uwar ikilisiyar ta taka tun 1922: a ba macen da ta yi karatu, aka kuma shaida halinta, izinin wa'azi da riƙon ƙaramar majami'a a hukumance, da albashi da suna, a ga abin da zai biyo baya. A kuma kawo batun gaban Majalisa a fili, a buɗe nassi gaba ɗayansa, Timoti da Romawa tare, matan da suka karanci tauhidi suna cikin masu magana, ba masu dafa wa wakilai abinci kaɗai ba.

A ranar Jibin Ubangiji, 'Yan'uwa suna da al'adar wanke wa juna ƙafa, bisa ga Yohanna 13. Maza a gefe guda, mata a gefe guda. Za ka ga tsohuwa ta ɗaura tawul a ƙugu, ta durƙusa da ƙyar a gaban yarinyar da ba ta kai jikarta ba, ta zuba ruwa a kwano, ta wanke mata ƙafa ta share, su tashi su rungumi juna. Kwanon ya zagaya har ya kai ƙarshen layi. Daga nan sai duk su koma su zauna, su jira Rabaran ya zo ya gutsuttsura gurasa. A ƙauyen da ba shi da naɗaɗɗen fasto, jiran yakan kai watanni.